Tasirin Lokutan Ciniki a Kan Tsakiyar Birnin Daura

Gabatarwa

In ana zancen tsarin gari, abin da hankalin mutane ya fi saurin kaiwa gare shi shi ne fili da gini, watau ina fada take, ina masallacin Juma'a, ta ina hanyar mota ta ratsa, a ina kuma aka kafa rumfunan kasuwa. Ba kasafai akan tuna cewa kowane fili yana da lokacinsa ba. Dandalin da mutum zai iske ya cika maƙil bayan la'asar, har sai ya yi kutse kafin ya wuce, shi ne kuma zai iske wayam da rana tsaka, ba kowa sai awakin da suka fake a gindin bango.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda lokutan fitowar masu ciniki da lokutan tashinsu suke tsara amfani da tsakiyar birnin Daura. Za a ga cewa waɗannan lokuta su ne suke raba tsakiyar gari a tsakanin jama'a, domin su suke yanke wanda zai shigo, da sa'ar da zai shigo, da abin da zai tarar in ya shigo. Abin da ake nufi da tsakiyar gari a nan kuwa shi ne wuraren da ƙafar jama'a ta fi takawa, watau ƙofar fada da kewayenta, da kasuwa, da tashar mota, da bakin manyan hanyoyin da suka fita zuwa Kano da Katsina da iyakar ƙasar Nijar.

Daura ba baƙuwa ba ce ga wannan zance, don kuwa labarin kafuwar sarautarta ma a kan lokaci ya ginu. Tarihin baka ya nuna cewa a zamanin Magajiya Daurama akwai wani maciji a rijiyar Kusugu, ana ce masa Sarki, wanda ba ya barin kowa ya ɗebi ruwa sai ran Juma'a. Ruwa yana nan kullum, rijiyar kuma tana cikin gari, amma kwana shida na mako tamkar babu ita. Da Bayajida ya kashe macijin, abin da ya ba mutanen Daura shi ne kwana shidan nan da aka hana su. Masana tarihi sun saɓa a kan fassarar wannan labari, kuma ba nan ne wurin shiga muhawararsu ba. Abin lura dai shi ne, mutanen da suka riƙe labarin tun kaka da kakanni sun ɗauki iko da lokacin ɗiban ruwa a matsayin mulki sosai, har suka ga wanda ya karya ƙa'idar ya cancanci auren sarauniya.

Kasuwa Ci Take Yi, Kanti Buɗe Shi Ake Yi

Harshen Hausa da kansa ya bambanta wuraren ciniki iri biyu ta fuskar lokaci. Bahaushe yakan ce kasuwa ta fara ci, ko ta cika, ko ta watse, ko ta tashi. A duk waɗannan jimloli kasuwa ce aikau, kuma kowane aikatau a cikinsu taron mutane yake siffantawa. Babu ƙofa a ciki, babu makulli. Kanti kuwa karɓau ne: an buɗe shi, an rufe shi, an sa masa kwaɗo. Wani ne yake yanke masa lokaci. Ita kalmar kanti aro ce daga Turanci, ta kuwa bazu ne tare da kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da fata, bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911. Tare da kalmar aka shigo da akawu, da agogon bango, da hutun Lahadi.

Kafin wannan zamani kasuwar ƙasar Hausa ba ta rasa shugabanci ba. Akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigingimu, akwai Sarkin Pawa a kan mahauta, ga kuma dillalai da ma'auna, kowa da hurumin da aka san shi da shi. Wanda yake son sanin yadda sarautun Daura suka jeru zai samu bayani a littafin da M. G. Smith ya wallafa a kan masarautar a 1978. Sai dai duk cikin waɗannan masu muƙamai babu wanda aikinsa shi ne buga ƙararrawar farawa ko ta tashi. Abubuwa uku ne suke riƙe da lokacin kasuwa: rana, da salla, da ƙofar gari. Biranen da suke da ganuwa sukan rufe ƙofofinsu da dare, saboda haka baƙauyen da ya shigo da kaya dole ya fita kafin duhu, falken da ya makara kuma sai ya kwana a waje. Baturen nan mai yawon bincike, Kilafaton, wanda ya ziyarci Kano a 1824, ya rubuta cewa kasuwar birnin takan cika tun daga fitowar rana har faɗuwarta, kullum, har da ran Juma'a.

A Daura ta yau an rushe ikon ƙofar gari, amma rana da salla suna nan daram. Kanti da shago sun yi yawa ƙwarai, duk da haka yawancinsu ɗabi'ar kasuwa suka ɗauka. Da wuya a ga allo a ƙofar shago an rubuta ƙarfe kaza ake buɗewa, ƙarfe kaza ake rufewa. In aka tambayi mai shago yaushe yake fitowa, amsar da ya fi bayarwa ita ce da hantsi, ko bayan la'asar, ko sai an yi lisha.

Yini Guda a Tsakiyar Gari

Ciniki na farko yana biye da sallar asuba ne. Masu shayi da burodi, da masu koko da ƙosai, da masu waina, su ne suke fara hura wuta, kuma wurin zamansu ba ya nisa da masallaci ko tashar mota, domin a wannan sa'a nan ne kaɗai ake samun mutane. Mahauta ma sukan yi sammakon zuwa kwata, saboda nama ba ya jiran kowa in rana ta take. A wannan lokaci yawancin kantuna a kulle suke, tsakiyar gari kuwa ta matafiya ce da leburori da 'yan makaranta, mutanen da tsayuwarsu ba ta wuce ta cin abin karin kumallo ba.

Da hantsi zuwa walaha sai mutanen karkara su fara isowa: matan Fulani da ƙoren nono, masu itace, masu kayan miya daga lambu, masu hatsi a amalanke ko a bayan babur. Nisan garin mutum shi yake yanke sa'ar isowarsa. Wannan ne dalilin da ya sa kasuwar ƙasar Hausa ba ta cika da sassafe, ba lalaci ba ne kamar yadda baƙi sukan zata. Mai nono sai an yi tatsa kafin ta kama hanya, mai kayan gwari sai ya tsinko, da damina kuwa kowa sai ya fara leƙa gona. Ɗan birnin da ya buɗe rumfarsa da ƙarfe bakwai zai zauna ne kawai yana korar ƙuda, domin masu sayen kayansa sai sun sayar da nasu tukuna kafin kuɗi ya shiga hannunsu.

Sa'an nan rana ta take. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, kuma tsakanin rana tsaka da bayan azahar ciniki yakan mutu murus. A nan ne ake ganin wani yanayi da agogon Bature ba shi da suna gare shi, watau shago a buɗe yake amma ba a ciniki. Mai shi yana kishingiɗe a kan benci, ko ya tafi masallaci ya gitta sanda ko kujera a bakin ƙofa, ko ya lulluɓe tebur da buhu. Wannan gitta sanda magana ce cikakkiya, kowa kuma ya san ma'anarta: yana nan tafe, a dakata. Maƙwabcinsa ne mai gadi, wani lokaci ma shi zai sayar masa ya ajiye kuɗin. Irin wannan rufewa ba ta korar mutane daga wuri yadda ƙyauren ƙarfe yake yi. Inuwar rumfa tana nan, benci yana nan, randar ruwa tana nan, saboda haka tsoho da almajiri da baƙon da yake jiran mota duk suna da wurin fakewa.

Bayan la'asar ne tsakiyar gari take cika ta batse. Ma'aikata sun tashi, rana ta yi sanyi, magidanta sun fito cefanen tuwon dare, mutanen karkara kuma suna gaggawar sayen gishiri da man gyaɗa da sabulu kafin su juya. Sa'ar da ta fi muhimmanci a nan ita ce ta ƙarshe, daga la'asar sakaliya zuwa gab da magariba. Mai tumatir ya san kayansa ba za su kwana lafiya ba, mai nono ba ta son komawa da shi, mahauci yana son ya kakkaɓe tebur, wanda ya zo daga nesa kuma yana tsoron dare ya yi masa a hanya. Saboda haka farashi yakan karye, kashi ya ƙara girma, gyara ta yawaita. Wannan sa'a ta talaka ce. Magidancin da ya yini yana dako ko gini sai yanzu aka sallame shi, kuma sai yanzu ne abin da ke aljihunsa zai iya cika tukunya. Hausawa sukan ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, amma a kasuwar kayan miya mai ƙaramin ƙarfi ya san cewa jinkiri ne ribarsa. Duk wani tsari da zai datse wannan sa'a, ko da rabinta ne, daga bakin wannan magidanci ya ɗauke loma.

Da magariba gari yakan yi tsit na ɗan lokaci. Ban da salla, akwai tsohuwar al'adar nan ta hana yara yawo da almuru. Bayan lisha kuma sai wani sabon gari ya buɗe: masu tsire da balangu, masu shayi da soya ƙwai da Indomie, 'yan tebur, masu kemis, masu cajin waya. A gefensu ake kafa majalisun hira, inda ake jin labarin duniya, a yi gardamar siyasa da ta ƙwallo, a ƙulla cinikin gona ko maganar aure. Mai shayi ba ya korar wanda ya sha kofi ɗaya ya zauna awa biyu, domin taron shi yake jawo masa wasu.

Idan aka lura za a ga cewa sau da yawa gindin bishiya ɗaya ko bakin baranda ɗaya yana ciyar da gida uku. Mai koko ta yi safiya a wurin, mai gyaran takalmi ko mai rake ya yini, mai tsire ya gaje shi da dare. Ba takarda a tsakaninsu, kowa dai ya san sa'ar da zai kwashe kayansa ya share wurin. Da a ce dukansu lokaci guda suke fitowa, da fili bai ishe su ba, da kuma wurin ya zama kufai a sauran sa'o'in. Wannan karɓa-karɓa ita ce ta sa tsakiyar gari ba ta rasa mutane tun daga asuba har dare ya raba.

Akwai kuma waɗanda ba a ganinsu a wannan fili, alhali kuwa cinikinsu ya cika shi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna irin ɗimbin cinikin da matan aure suke yi daga cikin gida, na hatsi da ƙuli-ƙuli da mai da dafaffen abinci. Wannan ciniki ba shi da lokacin rufewa, ana iya aika yaro ko da wane lokaci. Amma abin da zai fita waje sai ta kan 'yan talla, su kuma dole su bi sa'o'in da jama'a suke cin abinci, watau safiya da azahar da dare. Tun da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ake fama da karon da ke tsakanin tallan safe da ƙararrawar makaranta. Masu wa'azin a bar talla suna da gaskiya, sai dai kaɗan daga cikinsu ne suke faɗin ta inda ƙosan uwar yarinyar zai isa tasha da ƙarfe bakwai. Haka kuma, a gidajen da ake kulle, bayan magariba ne mace ta fi samun fita unguwa. Ke nan shagon atamfa ko na kayan kwalliya da ya kai dare a buɗe shi ne wanda irin wannan mace za ta iya shiga ta zaɓa da idonta, maimakon a zaɓo mata.

Juma'a da Lahadi

Mako ma yana da nasa tsari. Aya ta 9 ta Suratul Jumu'a ta umarci Musulmi su bar ciniki in an yi kiran sallar Juma'a, ayar da ke biye da ita kuma ta ba su izinin watsuwa neman arziki da zarar an idar. Watau hutu ne na sa'a guda ko biyu, bai kai yini ba. Abin sha'awa shi ne wannan ɗan rufewa shi yake haifar da taro mafi girma a mako. Mutanen ƙauyuka sukan shigo salla, hakimai da dagatai da sauran masu sarauta sukan zo gaisuwa a fada, masu turare da huluna da littattafai da maganin gargajiya kuma su baje kolinsu a hanyoyin masallaci. Ran Juma'a tsohon gari yakan karɓe matsayinsa daga hannun bakin titi.

Lahadi kuwa al'amarinta a murɗe yake. Ita ce ranar hutun gwamnati da bankuna, gādon da Turawa suka bari, kuma da safiyarta shagunan 'yan kasuwa Kirista sukan kasance a rufe. Amma a ƙasar Daura ita ce ranar da babbar kasuwar Mai'adua take ci, kasuwar da ta shahara da dabbobi da hatsi, wadda take haɗa mutanen Nijeriya da na Nijar. Saboda haka ran Lahadi tashar Daura takan farka tun kafin asuba, wasu rumfunan cikin gari kuma su yini ba masu su, don sun tafi cin kasuwa. Irin waɗannan 'yan kasuwa mako nasu zagaye ne, yau suna nan gobe suna can, wasu har Maigatari ta Jihar Jigawa, wadda take ci ran Alhamis.

A nan akwai wata baraka da aka daɗe ana zaune da ita: ranar da kuɗi ya fi yawo a masarautar ita ce ranar da ƙofar banki take kulle. Shekara da shekaru dillalan shanu suna kwana da damin kuɗi a jika, da duk haɗarin da ke cikin haka. Masu na'urar POS ne suka zo suka cike wannan giɓi, kuma babban jarinsu shi ne suna nan a sa'ar da banki ba ya nan. An ga nauyin wannan al'amari a farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, sa'ad da tsabar kuɗi ta yi wuya har ciniki ya tsaya cik a kasuwannin karkara da dama.

Shekara ma haka take juyawa. Da azumi safiya takan mutu, ciniki ya koma yamma da dare, teloli su kwana a kan keke in salla ta gabato. Da Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita a watan Rabi'ul Awwal, baƙi sukan cika gari, masu abinci da masu masauki su yi cinikin da ba su yi a wata guda.

In Hukuma Ta Sa Hannu

A ƙasashen Turai doka ce ta daɗe tana yanke lokacin kanti. Wani dalili na yanayi ne: a Landan yinin bazara yakan wuce awa 16, na hunturu kuma bai kai awa 8 ba, don haka rana ba ta isa ta zama ma'auni ba. A Daura kuwa bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai wuce kimanin awa ɗaya da rabi ba. Sauran dalilan su ne kare ma'aikatan kanti daga aikin da ba hutu, da kiyaye alfarmar Lahadi, da kare ƙananan kantuna daga manya. A Jamus ta Yamma dokar 1956 ta tilasta rufe kantuna da ƙarfe 6:30 na yamma a ranakun aiki, ran Asabar kuma galibi da ƙarfe 2:00 na rana. Ma'aikacin kanti ya samu hutu, amma sauran ma'aikata suka riƙa tashi daga aiki suna tarar da ƙofofi a rufe, tsakiyar birane kuma ta riƙa mutuwa tun da sauran haske. A hankali aka yi ta sassauta dokar, har a 2006 aka miƙa wa jihohi ikon yanke lokacin. A Ingila ma sai a 1994 aka halatta wa manyan kantuna buɗewa ran Lahadi, shi ma na awa shida kacal.

Daura ba ta san irin wannan doka ta kullum ba. Hannun hukuma yakan zo ne kwatsam, ya yi nauyi, sa'an nan ya janye. A zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, wanda shi kansa ɗan Daura ne, shirin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984 da 1985 ya kawo korar masu kasa kaya a bakin titi da kuma tsabtace gari na Asabar ɗin ƙarshen wata, inda ake hana fita da ciniki da safe. A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa hanyar Kongolam da kasuwannin da suke rayuwa da ita. A watan Afrilu na 2020, bayan ɓullar cutar korona a garin, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kulle Daura baki ɗaya, kasuwa da masallatai duka. A 2021 kuma dokar tsaro ta jihar ta dakatar da sayar da dabbobi a kasuwannin wasu ƙananan hukumomi, har da Mai'adua da Ɓaure. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai a Maris na 2024.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjarsa, wasu ma ba makawa ne. Abin da suka bayyana dai shi ne rufewa ba ta faɗa wa kowa da nauyi ɗaya. Mai kantin buhunan shinkafa in an rufe shi mako biyu kayansa suna nan suna jiransa, wataƙila ma sun ƙara daraja. Mai nono da mai ƙosai da ɗan dako kuwa, waɗanda rayuwarsu hannu baka hannu ƙwarya ce, yinin da ya wuce ba ya dawowa.

Dare da Haske

Abin da ya fi sauya tsakiyar Daura a 'yan shekarun nan shi ne haske. A da kasuwar dare ta aci-balbal ce da fitilar ƙwai, iyakarta kuwa ɗan abinci da goro da sigari. Da wutar lantarki da janareto suka zo, sai tela da mai aski da mai kemis da mai sayar da lemo mai sanyi suka samu damar kai dare. Amma wuta ba ta da tabbas, man janareto kuma ya yi tsada ƙwarai bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Yanzu mai halin sa sola shi ne mai dare, wanda ba shi da hali kuwa ko dai ya tashi da wuri, ko ya raɓu da hasken maƙwabci. Shi ya sa ake ganin 'yan tebur sun yi zobe a gefen gidan mai ko babban kanti, kamar yadda a da ake taruwa a bakin wutar makarantar allo.

Da yake hasken da motocin dare duk a bakin manyan hanyoyi suka fi yawa, can ne hirar dare take komawa sannu a hankali. Sababbin makarantu sun ƙara ƙarfin wannan ja, musamman Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, da Jami'ar Sufuri da aka aza harsashinta a Disambar wannan shekara. Ɗalibi da malami ba su da hantsi, suna aji ko ofis. Sayayyarsu ta yamma ce da dare da ƙarshen wata. Shagon da yake son kuɗinsu dole ya bi su da lokaci, in ya samu hali ma ya bi su da wuri. Ta haka gari yakan wayi gari da cibiya biyu, ta fada wadda take da Juma'a da hawan salla, da ta bakin titi wadda take da kowane dare.

Wannan ya kawo zancen kasuwannin zamani, masu katanga da jerin shaguna da ƙofar da ake kullewa da magariba, waɗanda gwamnatoci suke sha'awar ginawa a gefen gari. Hujjar masu son haka ba ƙarama ba ce. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, da wadda ta ci babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021, sun isa su sa kowa ya so a kashe wuta a kulle ƙofa da dare, ga kuma sauƙin gadi da na karɓar haraji. Amma katanga mai ƙofa ɗaya lokaci ɗaya take sani. Mai kokon asuba ba ta da rabo a ciki, mai tsiren dare ma haka, shago ɗaya kuma na mutum ɗaya ne ko da kuwa awa goma sha huɗu zai yi a kulle. Jane Jacobs, a littafin da ta rubuta a 1961 a kan biranen Amurka, ta yi nunin cewa titi ya fi aminci in akwai masu harka iri-iri da suke amfani da shi a sa'o'i dabam-dabam, domin idanunsu su ne gadinsa. Mutanen Daura ba su buƙatar a fassara musu wannan, don sun san layin da mai shayi yake kaiwa tsakar dare ɓarawo ba ya son bi ta nan. Abin da ya fi dacewa shi ne a kulle inda ake ajiyar kaya masu tsada da masu saurin kama wuta, a bar bakin kasuwa da tasha a buɗe, a sa musu fitila, a kuma amince da karɓa-karɓar nan ta masu ƙananan sana'o'i maimakon a riƙa kiransu masu cunkoso.

Akwai kuma wani agogon da yake tafe. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka ƙaddamar da aikinta a Fabrairun 2021, an tsara za ta bi ta Daura. Jirgi ba ya jiran hantsi ko la'asar, kuma ba ya jiran mota ta cika kamar yadda ake yi a tasha. Jadawali gare shi. In aka sa shi tsayawa da ƙarfe biyar na asuba ko goma na dare, to, a wannan sa'a mai shayi zai kafa tebur a ƙofar tashar, mai babur ya biyo shi, mai POS ya biyo mai babur.